Kunamar ruwa: wanne ne gaskiya, wanne ne ji-ta-ji-ta?

Ana yawan cewa kunamar ruwan da masunta ke kamawa a kogin Binuwai da na Neja kifin teku ce da ta yi ɓatan kai. Ba haka ba ne. A kogi ake haifarta, a nan take kiwon ƙwarin da ke ƙasan ruwa. A 1962 masana suka fara bayyana ta daga Garwa ta ƙasar Kamaru, yanzu sunanta na kimiyya Fontitrygon garouaensis. Shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, faɗinta bai cika wuce santimita 40 ba.

Batun dafi gaskiya ne. Akwai ƙaya mai zarto a wutsiyarta, kuma raɗaɗin harbinta ba wasa ba ne. Amma cewa tana farautar mutum ƙari ne kawai. Kwanciya take yi cikin yashi, sai an taka ta take kai duka. Mutuwar Steve Irwin, mai shirin namun daji a talabijin, a Ostareliya a 2006 ta ƙara wa mutane tsoro, alhali shi wata babba ta teku ce ta soke shi a ƙirji. Wanda aka harba a ƙafa ya tsoma wurin cikin ruwa mai zafi daidai jurewa, sannan ya nufi asibiti a duba ko guntun ƙaya ya maƙale.

Maganar da ta fi ɓarna ita ce wai ba za ta taɓa ƙarewa ba, tunda ga irinta nan ana ƙyafewa a kasuwannin bakin teku. Waɗancan danginta ne, ba ita ba. Biyu daga cikinsu, margarita da margaritella, sun yi kama har masana ma sai 1984 suka raba su, kuma duk da su ma suna raguwa, halinsu da sauƙi. Ita ta Binuwai, da 'yar'uwarta ukpam mai ƙayoyi a baya wadda aka fara samu a Kalaba, ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa su a matakin haɗari mafi tsanani, wanda daga shi sai ɓacewa. Dalilan sun haɗa da yawan kamu da lalacewar koguna. Ga shi kuma ba ta zuba dubban ƙwai yadda tarwaɗa ke yi. 'Ya'ya ƙalilan take haifa, rayayyu.

Sarakunan ruwa ya kamata su fara magana: masuncin da ta faɗa komarsa da rai, ya mayar da ita ruwa.