Zanen Rumawa da Yunanawa a Makarantun Gaya da Ajingi

Ga wata magana da ta shafi yaran da ke karatu a makarantun sakandare na ƙasar Gaya da Ajingi.

Cikin fannonin da hukumomin jarrabawa na WAEC da NECO suka tsara akwai fannin zane. Ba aikin hannu kaɗai ake nema ga yaro ba, har da tarihin sana'ar: aikin Yunanawa da Rumawa, da na Turawan zamanin tsakiya, watau wajen shekara dubu daga faɗuwar daular Rum ta yamma a 476 zuwa kusan 1500. Ga inda gizo ke saƙa. Yaro ya komo gida da littafi, uba ya buɗe ya ga mutum-mutumin dutse ba tufa, ya ga hoton majami'a, sai ya ce lalle wannan ba karatu ba ne. Malamin makaranta kuwa, don gudun fitina, sai ya jera sunaye a allon bango, yara su haddace, ba su ga ko ɗaya da ido ba. Uba bai sami natsuwa ba, yaro kuma bai ƙaru ba.

Ba yau aka soma koyar da zane a makarantun boko ba. Aina Onabolu ya yi ta koyarwa a makarantun Ikko tun wajen 1920, aka kuma kawo Kenneth Murray daga Ingila a 1927. A Kano ma, makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa a 1909 ta haɗa karatu da sana'ar hannu. Abin da ya saura shi ne sanin ƙofar da za a shigar da yaron Gaya cikin wannan gida. Littattafan makaranta sukan fara da gumakan Yunanawa domin su suka riga a shekaru. Amma ƙofa mafi kusa ita ce ta zamanin tsakiya, domin mutanen wannan zamani abin da suka fi girmamawa shi ne littafin da aka rubuta da hannu.

A ƙasar Ailan akwai wata Linjila da ake kira Littafin Kells, wadda ruhubanawa suka rubuta wajen shekara ta 800, tana ajiye a kwalejin Trinity ta birnin Dublin. Warƙa 340 ta rage a cikinta, duka na fatar maraƙi. Marubutan sun fere alƙalaminsu, sun dafa tawadarsu, sun sa baƙi ga nassi, ja da rawaya ga ado, kuma a farkon kowace Linjila sun cika shafi da ƙawa. To, wane alaramma ne wannan zai zame wa baƙo? Wanda ya rubuta Alƙur'ani da ka, ya sa wasali da ja, ya ɗiga hamza da rawaya, ya ƙawata alamar sumuni da rubu'i da hizbi, ya fi kowane malamin boko sanin wahalar da waɗancan mutane suka sha. Adon da suka fi so kuwa igiya ce mai shiga ƙarƙashin 'yar'uwarta ta fito bisa, ba a ganin farkonta balle ƙarshenta. Yaron da ya taɓa ganin dagi a bangon soro, ko ya riƙe allon zayyana ran saukarsa, da an ajiye masa hoton shafin kusa da allon, shi zai ba malami bayani.

Akwai kuma abin da ya kamata masu tsoron darasin su sani: Turawan wancan zamani su ne masu kwaikwayo. Sarki Offa na Marsiya a Ingila, wanda ya yi mulki daga 757 zuwa 796, ya sa an buga masa dinarin zinariya bisa misalin na Halifa Mansur na shekara ta 157 Hijira. Maƙerin ya kwafe kalmar shahada da larabci, kana ya sa sunan sarkinsa a tsakiya a kife, shaidar bai san sama da ƙasan haruffan ba. Dinarin yana gidan tarihi na Biritaniya a Landan. Alkyabbar da aka yi wa Sarki Roja na biyu a Palermo a 528 Hijira, bakinta rubutun larabci ne. Shahararrun masu zane na Italiya, irin su Giotto, sun riƙa zana wani abu mai kama da haruffan larabci a gefen tufafin mutanen da suke girmamawa, saboda a ganinsu tufa mai daraja daga ƙasashen Musulmi take fitowa.

Fatake kuma suna da rabonsu cikin labarin. Allunan da aka zana a majami'un Italiya bayansu zinariya ce da aka buge ta yi laushi kamar ganye, daga kuɗin zinariya ake bugo ta. Birnin Fulorans ya fara buga irin wannan kuɗi a 1252, kuma da yawa daga zinariyar da ke yawo a kasuwannin Bahar Rum a lokacin ta ƙetaro Sahara ne bisa raƙuma daga ƙasar Mali. Taswirar da aka zana a tsibirin Mayorka wajen 1375 ta nuna Mansa Musa zaune da curin zinariya a hannu. Daga baya hanyar ta ɗauki kaya gaba da baya. Duk wanda ke da tsohon littafi na gado cikin gafaka, ya ɗaga warƙa guda ga hasken rana. Sau da yawa zai ga alamar jinjirin wata uku a jikin takardar. Wannan takarda daga masana'antun arewacin Italiya take, kusa da Banis, ta biyo ta Tarabulus zuwa Kano. Jar fatar akuyar ƙasar Hausa kuma ita Turawa ke yi wa littattafansu bango da ita, suna kiranta fatar Maroko.

Wajen gini ma haka. Manyan majami'un Faransa, irin ta Notre Dame a Faris wadda aka soma a 1163, rufinsu bisa baka yake: haƙarƙari ke tashi daga ginshiƙi su haɗu a tsaka su ɗauki nauyi. Magini na ƙasar nan bakan gizo yake ce da wannan, ko da yake shi da azara da laka yake yi, su da dutse. Babban Gwani Muhammadu Durugu ya yi irinsa a Masallacin Juma'a na Zariya. Malami ya kai yara wani tsohon soro mai baka su ɗaga kai, ya fi musu shafi goma na haddar sunaye.

Saura maganar Yunanawa da Rumawa, nan ne wuyar take, ba kuwa za a ɓoye ta ba. Mutanen nan masu bautar gumaka ne, kuma da yawa daga sassaƙarsu tsirara take. Hukuncin sassaƙa surar mai rai sananne ne a littattafan fiƙihu, ba kuma wanda ya ce a sa yaro ya sassaƙa gunki. Amma sani daban, aikatawa daban. Malaman zaure suna karantar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi da sauran mawaƙan Jahiliyya don lugga, ba a taɓa cewa sun bi addininsu ba. Mantiƙin da ake karantawa cikin Sullam na Ahdari asalinsa daga Arisɗo Bayunane ne. Littafin handasa na Uƙlidis a zamanin Haruna Rashid aka mai da shi larabci, daga larabcin kuma wani Bature mai suna Adelard ya mai da shi Latin a ƙarni na 12. Magabata sun tsince hatsi sun bar dusa. Halifa Hakam na biyu, da zai ƙawata mihrabin masallacin Ƙurɗuba wajen 965, daga Ƙusɗanɗiniyya ya nemi gwanin jera ƙananan duwatsu masu launi, ya sa mutanensa suka koya a hannunsa.

Su kansu Kiristocin Rumawa sun yi jayayya mai zafi kan surori. Daga wajen 726 sarakunan Ƙusɗanɗiniyya suka hana su, aka farfasa, aka kankare. Aka mayar da su a 787, aka sāke hanawa a 815, ba a rufe rigimar ba sai a 843. Wannan ma cikin tarihin zane yake, kuma ɗan Musulmi zai fahimci hujjar ɓangarorin biyu da sauri fiye da yaron Landan.

Abin da jarrabawa ke tambaya game da Yunanawa galibi zamunansu ne, da kayan aikinsu, da siffar ginshiƙansu iri uku, da yadda suka auna tsawo da faɗi. Ɗakin Fartenon na Atina, wanda aka gina daga 447 zuwa 432 kafin haihuwar Annabi Isa, ya isa misali. Ya zama majami'a, ya zama masallaci a zamanin Turkawa, har albarushin da aka ajiye a ciki ya fashe a 1687. In kuwa lalle sai an nuna sassaƙa, akwai masu sutura: matuƙin keken doki na Delfi, na tagulla, rigarsa har idon sawu, da Sarki Augustus sanye da sulke. Zaɓen hoton da za a nuna a aji yana hannun malami da shugaban makaranta, kuma iyaye suna da ikon zuwa su gani kafin zango ya fara. Alaramman da zai kawo alƙalami da tawada ya nuna wa aji yadda ake zayyana kuwa, a Gaya da Ajingi ba sai an yi tafiya nemansa ba.