Cutar da ke mai da zangarniyar gero ganye

A gonakin Yankwashi, da ma na Babura, Roni da Gwiwa, manomi kan iske gero ya fid da kai, amma a gurbin tsaba sai tarin ƙananan ganyaye a murɗe. Mai wannan ɓarna wata halitta ce da masana ke kira Sclerospora graminicola, daga dangin fumfunar ruwa. Sunan yana ruɗarwa, domin ba ainihin fumfuna ba ce, ta fi kusa da ciyayin teku. 'Yar'uwarta ce ta halaka dankalin Turawa a ƙasar Ailan daga 1845.

Dabararta tana ga yadda take sarrafa ƙwayoyin gadonta, wato umarnin da ke cikin jikinta: ba ta aiki da su duka a lokaci guda. Da rani takan dunƙule cikin ɓawo mai kauri a ƙasa, kusan komai ya tsaya cik, ta jure zafi da fari har tsawon shekaru. Da damina ta sauka, gero ya tsiro, sai ta farka ta shige shi. A daren da raɓa ta yi yawa kuma wani rukunin umarnin ke buɗewa: farin gari ya bayyana a bayan ganye, iska ta kwashe shi, ƙwayoyi masu wutsiya biyu su fito daga cikinsa, su yi iyo a danshi su kama sabon tsiro.

Bincike a kan danginta ya nuna cewa a farkon kamu sukan kunna ƙwayoyin gadon da ke samar da sinadarai masu danne garkuwar shuka. Iri mai juriya yana gane wasu daga cikin sinadaran, ya kare kansa. To amma idan halittar ta sauya wanda ake shaida ta da shi, ko ta rufe shi, sai ta wuce salin alin. A Indiya, irin geron HB3 da aka yi ta yabo ya faɗi gaban wannan cuta a farkon shekarun 1970. Don haka juriyar iri kamar SOSAT, wanda manoman Jigawa suka karɓa hannu bibbiyu, abar sa ido ce kowace damina.

Maganin cuɗa iri irin su Apron Star ma ta wannan ƙofa yake bi: yana tsayar da kwafar wani sashe na umarnin, halittar ta kasa girma. Amfaninsa yana ga tsiro ƙarami. Idan kai ya riga ya lalace, abin yi shi ne a tuge karan a ƙone kafin ƙwayoyin su koma ƙasa.