Takardar da ke Gane Cuta ta Isa Karkarar Ikara, Makarfi da Kudan

A duk shekara idan damina ta nutsa, ɗakunan shan magani na Paki da Gimi da Likoro da sauran garuruwan ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan sukan cika da mata ɗauke da yara masu zafin jiki. A da, malamin asibiti yakan dafa goshin yaro ya ba da maganin zazzaɓin cizon sauro bisa zato, domin madubin likita da mai iya aiki da shi sai a babban asibiti, wani sa'in ma sai an dangana da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Yau kuwa ɗan ƙyallen takarda da ke cikin gidan roba shi ke raba gardama.

Wannan canji ya samo asali ne daga shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a shekarar 2010, cewa kada a ba kowa maganin wannan zazzaɓi sai an gwada jininsa. Shawarar ta shafi Nijeriya ƙwarai, saboda wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da cutar a duniya a nan suke.

Yadda abin yake aiki ba shi da wuyar fahimta ga duk wanda ya taɓa kunna fitilar ƙwai. Kamar yadda lagwani ke zuƙo kananzir ba tare da famfo ba, haka takardar ke jan ɗigon jinin da aka tsaga daga yatsa, tare da ruwan maganin da aka ɗiga masa. An riga an shafa wa takardar wani sinadari da ke cafke furotin ɗin da ƙwayar cutar ke fitarwa. Bayan minti 15 zuwa 20, idan layi biyu suka fito akwai cutar, idan layin tabbatarwa kaɗai ya fito babu ita, idan kuwa shi wannan layin bai fito ba, gwajin ya ɓaci, sai a sake. Ba a bukatar lantarki.

Masana ba su tsaya nan ba. A shekarar 2007, Farfesa George Whitesides na Jami'ar Harvard ta Amurka da ɗalibinsa Andres Martinez suka nuna cewa ana iya zana ƙananan hanyoyin ruwa a jikin takarda, ta yadda ɗigo ɗaya zai rarrabu kamar yadda mai lambu ke raba ruwa fangali-fangali, kowane fangali da nasa gwajin. Da ita suka auna sukari da furotin a cikin fitsari a lokaci guda. A 2009 aka sauƙaƙa aikin ta hanyar buga iyakokin hanyoyin da kaki, sa'an nan a ɗumama takardar kakin ya nutse ya tare ruwa. A 2012 kuma aka ba da labarin wata takarda mai girman kan sarki da ke auna lafiyar hanta, wadda aka jarraba a ƙasar Biyetnam a kan masu shan maganin ƙanjamau.

Nijeriya ma ta sa hannu. A 2015 kamfanin Fyodor na Dokta Eddy Agbo ya fito da tsinken gwada zazzaɓin cizon sauro ta fitsari, ba tare da an huda yatsa ba.

Har ila yau, amfanin takardar ya wuce jini da fitsari. Farfesa Marya Lieberman ta Jami'ar Notre Dame ta ƙirƙiro wani kati mai layuka 12, wanda ake goga masa garin ƙwayar magani a tsoma gindinsa a ruwa, launukan da suka fito su nuna ko maganin na gaskiya ne ko jabu, an kuwa yi aiki da shi a Kenya. Ana kuma binciken irinsa domin gano darma a ruwan sha da ragowar maganin ƙwari a kayan lambu. Wanda ya tuna yadda gubar darma ta hallaka yara wajen 400 a Zamfara a 2010, ya kuma san yawan feshin da ake yi wa tumatirin Ikara da inabin Kudan, zai gane muhimmancin wannan bincike, ko da yake yawancin irin waɗannan katuna suna hannun masu bincike tukuna.

Amma fa akwai abin lura. Zafi da laima suna lalata takardar, saboda haka kwalin da aka bari a ƙarƙashin kwano a watan Afrilu yana iya yin ƙarya. Furotin ɗin da ake nema yakan daɗe makonni a cikin jini bayan an warke, watau layi biyu ba kullum ke nufin sabon kamu ba. Bugu da ƙari, an samu ƙwayoyin cutar da ba sa fitar da shi sam, abin da ya sa Eritiriya ta canja irin gwajin da take amfani da shi a 2016.

Babbar matsalar kuwa ta mutane ce. Uwa takan ga layi ɗaya, amma ta zarce kantin magani ta sayi maganin zazzaɓin, alhali kuwa mai yiwuwa ciwon huhu ne ko sanƙarau ke cin yaron, kwanakin da aka ɓata kuma su ne bambancin rai da mutuwa. Nauyin gyara wannan yana wuyan jami'an lafiya na ƙananan hukumomin uku, waɗanda ya kamata su tabbatar kayan gwajin ba su yanke ba kuma an adana su a inuwa, da kuma ɗaliban koyon aikin lafiya na Makarfi, waɗanda gobe su ne za su zauna da iyaye su fahimtar da su. Hausawa dai sun ce sai an gwada akan san na ƙwarai, to idan an gwada ɗin, wajibi ne a yi aiki da abin da gwajin ya nuna.