Baƙin Bulo a Ƙasar Rana: Fuskar Gini a Arlit da Akokan

A ƙasashen Turai masu sanyi da yawan ruwan sama, magina na zamani sun ɗauki yayin lulluɓe bangon masana'antu, har da matatun barasa, da baƙin bulo na fuska, wato gasasshen bulo wanda ake jerawa a wajen bango domin kariya da ado, alhali nauyin ginin yana kan ƙarfe ko kankare da ke ciki. Duhun launinsa yana fitowa ne daga ƙarfen da ke cikin yumɓu ko sinadarin manganis da ake ƙara masa, sannan a gasa shi da zafin da ya haura digiri 1,000, a toshe masa iska a ƙarshen gashi, kamar yadda ake yi wa shahararren shuɗin bulon Staffordshire a Ingila. Irin wannan bulo ba ya shan ruwa sosai, kuma a matatun barasa yana da wani amfani na daban, domin tururin barasar da ke fita daga rumbunan ajiya yana ciyar da wata irin funfuna da ke baƙanta bango, bulon da tun asali baƙi ne kuwa yana ɓoye wannan tabo.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan dalilai da ya shafi Arlit, garin da aka kafa a 1969 a tsakiyar hamadar Nijar, kimanin kilomita 240 arewa da Agadez, domin ma'aikatan kamfanin SOMAIR da ya fara fitar da yuraniyom a 1971. Ruwan da ke sauka a nan bai kai milimita 100 a shekara ba, zafin bazara kuma yana wuce digiri 40, saboda haka abokin gabar bango rana ce da guguwar rairayi. Baƙar fuska tana shanye kusan kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari na hasken ranar da ya sauka a kanta ta mayar da shi zafi, yayin da bangon da aka shafa wa farar ƙasa yake mayar da mafi yawansa. Injiniya zai iya rage wannan illa ta hanyar barin rata tsakanin bulon fuska da bangon ciki, yadda iska mai zafi za ta riƙa haurawa tana fita ta sama, amma wannan magani ne mai tsada ga cutar da mai gini ya jawo wa kansa da zaɓen launi. Ga kuma batun makamashi: gasa bulo yana cin itace ko kwal mai yawa a yankin da itace ya yi ƙaranci, kwal ɗin da kamfanin SONICHAR ke haƙowa a Anou Araren kusa da Tchirozérine kuwa an tanade shi ne tun farko domin wutar lantarkin ma'adinai da garuruwan yankin.

Abin da ya fi dacewa da wannan yanayi tuni magina na yankin Ayar suka san shi. Bangon laka mai kauri yana jinkirta zafi, ma'ana yana tsotse shi a hankali da rana, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi, lokacin da iskar hamada ta huce. Hasumiyar babban masallacin Agadez, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ginawa a farkon ƙarni na 16 aka kuma sake gina ta a 1844, shaida ce cewa laka tana daɗewa muddin ana sabunta yaɓe, kuma UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin kayan tarihin duniya a 2013. A shekarun 1980 ƙungiyar Development Workshop ta koyar da magina a Iferouane ginin da babu katako, inda ake rufe ɗaki da bakan gizo da ƙubba na tubalin laka zalla, ba azara ba kwano. Wannan dabara ta fi ma'ana a Arlit, inda buhun siminti yake biyo doguwar hanyar yuraniyom daga Tahoua kafin ya iso, kuɗin mota yana hawa kansa.

Sai dai a garuruwan yuraniyom akwai tambayar da ta sha gaban launi da kauri, ita ce daga ina aka ɗebo ƙasar. Kamfanoni sun gina wa ma'aikatansu unguwanni na siminti, sauran jama'a da suka kwararo neman abinci kuwa suka yi bukkoki da gidajen laka a gefe da abin da hannu ya samu, har da duwatsu da ƙarafan da aka zubar daga ma'adinai. Cibiyar CRIIRAD ta Faransa, tare da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen, ta fara aune-aune a garin a 2003, kuma a Nuwamba 2009 Greenpeace ta gano wurare a titunan Akokan, garin da ke maƙwabtaka da Arlit, inda tiririn nukiliya, wato haskoki marasa ganuwa da ke fita daga ma'adinin, ya ninka na al'ada har kusan sau 500, saboda an yi cikon titi da duwatsun haƙa. Idan irin wannan ƙasa ta shiga bango, tana sakin radon, iska ce marar wari da launi wadda ke taruwa a rufaffen ɗaki, kuma an tabbatar tana haddasa sankarar huhu. Abin takaici shi ne kaurin bango da ƙananan tagogin da ke kare mutum daga zafi su ne kuma suke tsare wannan iska a ciki.

Kamfanin COMINAK, wanda ya fara haƙa a ƙarƙashin ƙasa a Akouta a 1978, ya rufe a ranar 31 ga Maris 2021, ya bar tsaunukan dusar ma'adini na miliyoyin tan kusa da Akokan, kuma a Yunin 2025 gwamnatin Nijar ta mayar da SOMAIR mallakin ƙasa bayan saɓaninta da kamfanin Orano. Duk sabon ginin da za a yi a waɗannan garuruwa, na masana'anta ne ko na makaranta, ya kamata hukumomin gari su keɓe masa kududdufin ɗiban ƙasa da aka auna da na'ura aka tabbatar da tsabtarsa, fuskarsa kuma ta kasance mai haske, baƙin bulo ya tsaya a ƙasan bango da bakin ƙofa inda gogayya ta fi yawa.