Ba Kowace Nasara Ta Turanci A Ke Yanka Wa Rago Ba

Mu Hausawa kalma guda ta kusa isar mu, watau "ci". Sarki ya ci yaƙi, falke ya ci riba, yaro ya ci jarrabawa, ɗan siyasa ya ci zaɓe. Bature kuwa ba haka ya ke ba, kowace irin nasara da sunanta, kuma waɗansu sunayen ba su da kauri kamar yadda kunne ya ke jin su. Tun da ya ke takardun makaranta da na kotu da na gwamnati duk da Turanci su ke zo mana nan zango, ya kamata iyayenmu dattawa da 'yan'uwanmu na kasuwa su san nauyin kowace, kada a riƙa auna musu tsakuwa da sunan goro.

Ta fari ita ce "win". Abin da a ke ci da ita shi ne kofi, ko zaɓe, ko kwangila, ko shari'a. In abokin karawa a ke nufi, sai a ce "beat", ma'anarta ta asali duka. Kotoko ta Kumashi ta yi "win" na kofin kulob-kulob na Afirka a 1970 da 1983, amma in ta kā da Hearts ta Ankara, "beat" ta yi mata. Sai dai fa a lura, "win" ba ta rarrabe gumi da sa'a. Da wanda ya yi shekara yana wahala da wanda ya ci caca, duk ita a ke faɗa musu. Shi ya sa 'yan damfara su ke ƙaunarta. Saƙo ya shigo waya, wai ka yi "win" na kuɗi, a aiko da lambar sirri ko ɗan abin biyan haraji. To, Alhaji, gasar da ba ka shiga ba, yaya aka yi ka ci ta?

Inda aka fi yi wa iyaye rufa-ido shi ne wajen kalmar "pass". Mun are ta har ta zama tamu, mu kan ce yaro ya yi fasin. Yaro ya shigo gida da takarda, ya ce, "Baba, na yi fasin," uba ya yi murna, a dafa shinkafa, a gaya wa maƙwabta. Yaron kuwa bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi gaskiya duka ba. Hukumar jarrabawa ta Afirka ta Yamma, wadda aka kafa a 1952, tana da matakai tara a jarrabawar gama sakandare. A1 shi ne ƙoli, sa'an nan B2 da B3. Daga C4 zuwa C6 sunansu "credit". D7 da E8 su ne a ke kira "pass", F9 kuwa faɗuwa ce warwas. Ashe ke nan "pass" ba kan tudu ta ke ba, a bakin rami ta ke, taki ɗaya ya raba ta da faɗuwa. Jami'o'in Gana kuwa, ga mai neman digiri, daga A1 zuwa C6 su kan nema a darussa shida, har da Turanci da lissafi. Yaron da ya tara D7 da E8 ya haye rafi, amma ƙofar da uban ya ke hange a rufe ta ke. Ba sai uba ya iya Turanci ba. Ya karɓi takardar ya duba harufan da ke gefe, ya ƙirga A da B da C. In sun kasa, a fara shawarar sake zama tun da wuri, kuɗin ragon a biya na rajista da shi.

Kotu ma tana da irin wannan tarko. In an ce mutum "acquitted", an wanke shi ke nan, ba a sake tuhumarsa da wannan laifi. In kuwa "discharged" kaɗai aka ce, sallama ce kawai, wataƙila don masu ƙara ba su kawo shaida ba, kuma ana iya sake kamo shi a kan maganar. Wanda ɗan'uwansa ya fito, ya tambayi lauya wace aka rubuta kafin a kira makaɗa.

Na siyasa su ne masu ƙara a kunne. "Landslide" zaftarewar ƙasa ce daga kan dutse, wadda ta ke binne duk abin da ta tarar, sai aka ara wa zaɓen da aka ci da rata mai yawa. A Fabrairun 1951 jam'iyyar CPP ta kwashe kujeru 34 cikin 38 da aka yi takara a kansu, alhali Kwame Nkrumah yana tsare a kurkukun James Fort, har ba yadda Gwamna zai yi sai ya sake shi. Wannan ita ce zaftarewa ta gaske. "Walkover" kuwa daga sukuwa ta fito: in doki guda ne ya fito fili, sai a bi da shi ta kan fagen a ba shi lada. A 1965 'yan takarar CPP 198 duka haka su ka shiga majalisa ba hamayya. A ran 24 ga Fabrairu 1966 soja su ka kifar da gwamnatin.

Sauran ba sai an daɗe a kansu ba. "Victory" ta fagen fama ce, daga Latin, kuma daga tushenta sunan Sarauniya Biktoriya ya fito. "Triumph" asalinta hawan da mutanen Rum su ke shirya wa sarkin yaƙi in ya komo da ganima da kamammu, kamar dai hawan daba. "Champion" shi ne zakara, irin su D. K. Poison, ɗan Gana na fari da ya zama zakaran damben duniya a 1975, da Azumah Nelson a 1984. Wadda ni na fi so ita ce "achievement", don tushenta a Faransanci kai abu ga ƙarshensa ne. Ba ta bukatar a kā da kowa. Wanda ya fara da tallan goro a faranti har ya gina gida ya aurar da 'ya'ya, ita ce tasa.

Akwai kuma guda da masu shari'ar gado da filaye ya kamata su haddace, ita ce "Pyrrhic victory". Mun sha gani a zangunanmu, 'yan'uwa su yi shekaru suna hawa da sauka a kotu kan gida guda, ran da aka yanke hukunci wanda ya ci ya riga ya sayar da rumfarsa ya biya lauyoyi, ɗan'uwan kuwa ko gaisuwa ba sa yi. Sunan ya samo asali daga wani sarki, Firus, na ƙasar Efirus a yankin Girka. Ya haye teku zuwa Italiya da mayaƙa da giwaye 20, ya kara da Rumawa a Harakiliya a shekara ta 280 kafin haihuwar Annabi Isa, ya rinjaye su. Shekara ta kewayo, su ka sake haɗuwa a Askulum, ya sake rinjayarsu. Amma kowane karo sai ya bar manyan jarumawansa kwance a fage, kuma gida da nisa, ba inda zai samo madadinsu, su kuwa Rumawa suna ƙofar gidansu, ko da yaushe sababbin mayaƙa suna fitowa. An ce da aka zo yi masa barka, ya nuna cewa in ya ƙara cin irin wannan sau ɗaya, tasa ta ƙare. A shekara ta 275 ya tattara ragowar mutanensa ya koma gida, bayan shekara uku kuma birnin Tarentum, wanda ya zo domin ya kare, ya faɗa hannun Rumawa.