Faifan Ranakun Mako a Fuskar Agogo

A agogon hannu mai aiki da ƙananan haƙoran ƙarfe, sunan rana yana rubuce ne a gefen wani siririn faifai da ke kwance ƙarƙashin fuskar agogon. An huda ƙaramar taga a fuskar, kullum wajen tsakar dare sai wani haƙori ya tura faifan gaba, sabuwar rana ta leƙo. Rolex ne ya fara rubuta sunan rana cikakke tare da kwanan wata a agogon hannu, a samfurin Day-Date na 1956. Seiko 5 kuwa, wanda ya fito a 1963, shi ya kai abin hannun talaka, kuma faifansa yakan ɗauki harsuna biyu, kamar Turanci da Larabci, gurbi 14 ke nan. Masu gyaran agogo kan gargaɗi mai shi kada ya murɗa rana tsakanin ƙarfe tara na dare da kusan uku na asuba, domin a lokacin haƙoran sun riga sun kama juna, tilasta su na iya karya su.

Agogon zamani mai allo ba shi da haƙori ko ɗaya, amma mutane na son ganin wannan faifan yana juyawa. Mai zanen fuska, a manhajar Watch Face Studio ta Samsung ko a tsarin Watch Face Format da Google ya fitar a 2023, yakan ɗora hoton faifan ya rufe shi da hoton fuska mai taga, sannan ya ɗaure juyin faifan da lambar ranar. Da'ira digiri 360 ce, idan aka raba bakwai kowace rana ta samu kusan 51.43.

Lissafin ba wuya. Inda ake tuntuɓe shi ne lambar kanta, don masu shirya manhaja ba su daidaita kan ranar da mako ke farawa ba. Ƙa'idar ISO 8601 ta ba Litinin lamba 1. JavaScript ya fara daga Lahadi, ya kuma ba ta 0. Wanda ya zana faifansa daga Litinin alhali tsarin yana ƙirga daga Lahadi, agogonsa zai riƙa nuna gobe ko jiya. Haka ma idan ya juya faifan ta ɓangaren da ba shi ba: rana ɗaya za ta yi daidai, saura su birkice.

Sai yadda canjin zai kasance. Day-Date kan yi tsalle nan take da tsakar dare, Seiko 5 kuwa rarrafe yake na wasu awanni, har a ga rabin suna a taga. Rarrafen ya fi kama da ainihin agogon ƙarfe, amma yana rikita mai duba rana da dare. Tsallen kuma da ƙyar ake ganinsa, domin idan allo ya dushe don tattalin batir, sau ɗaya kawai yake sabunta hotonsa a minti.