Daga Magangarar Minnehaha Zuwa Tafkin Harriet a Bisa Keke

A ƙasarmu keke dokin malamin makaranta ne da masinja da mai tallan yadi, ranar da Allah ya buɗa wa mutum kuwa ya sayi babur, sai ya jingine shi a zaure ya bar wa yara. Saboda haka idan aka ce akwai birnin da likita da alƙali da attajiri sukan ajiye motocinsu ran Asabar, su hau keke su bi wata siririyar hanya cikin itatuwa, ba don wata buƙata ba sai don su isa bakin tafki su zauna, mai karatu yana iya zaton zancen waɗanda ƙoshi ya dama ne. Amma wanda ya bi asalin hanyar zai tarar da wani al'amari na tadbiri da hangen nesa wanda ya fi hawan keken kansa cancantar bayani.

Birnin shi ne Miniyafolis, a jihar Minesota ta arewacin Amurka, wadda ta yi iyaka da Kanada. Jiha ce da Allah ya yi wa baiwar ruwa, har ana yi mata kirari da ƙasar tafki 10,000, alhali da aka ƙidaya masu faɗin eka goma zuwa sama sai aka sami 11,842. Sunan birnin ma rabinsa na farko kalmar ruwa ce a harshen Dakota, mutanen da Turawa suka tarar a wurin, ɗaya rabin kuma kalmar birni ce a harshen Yunanawa.

Mai son tafiyar da muke nufi yakan fara ne daga kudu maso gabashin gari, a inda rafin Minnehaha yake faɗowa daga kan dutse mai tsawon ƙafa 53 kafin ya ƙarasa cikin kogin Misisifi. Rafin ya taso daga Tafkin Minnetonka, ya yi tafiyar mil 22 yana ratsa unguwannin bayan gari, irin su Hopkins da Edina, sannan ya shigo birni. Wani mawaƙin Amurka, Longfellow, shi ya yaɗa sunan wannan magangara a duniya da wata doguwar waƙa da ya fitar a 1855, ko da yake shi kansa bai taɓa taka ƙafarsa wurin ba. Tafkuna biyu da mai keke zai fara cin karo da su, Hiawatha a dama da Nokomis a hagu, daga cikin waƙar aka ciro sunayensu.

Daga nan sai a juya wa kogi baya a fuskanci yamma, rafi yana gefe, ana binsa zuwa inda ya fito. Hanyar kwalta ce, faɗinta bai fi keke biyu su gifta juna ba, kuma a mafi yawan wurare an raba ta da ta masu tafiya a ƙasa, an raba su duka biyun da titin mota. Nan ne daɗin abin yake, domin mai keke ba ya tafe yana waiwaye, ba ya sauraron ham ɗin babbar mota a ƙeyarsa, abin da ke kunnensa kawai ƙarar sarƙa da kukan ruwa a kan duwatsu. Hanya takan gangara ƙarƙashin gada, sanyi ya bugi fuska, ƙarar taya ta amsa a jikin siminti, sa'an nan ta hau ɗan tudu wanda yake tilasta wa dattijo ya sauya giya ko ya miƙe a kan feda. Dama da hagu gidajen mutane ne, da ciyawa a share, ba katanga. Ga uwa tana jan 'ya'yanta biyu a wani ɗan akwati mai ƙafafu da aka ɗaura a bayan kekenta, kowanne da hular kwano ta rufe masa goshi. Wajen tsakiyar tafiya akwai gunkin wani ƙaton zomo na tagulla a kwance bakin hanya, wanda yara suka goge wa baya da kunne saboda yawan hawa, kuma da wuya iyali su wuce shi ba a yi birki ba.

Hanyar tana da ladubbanta, waɗanda baƙo ya kamata ya sani tun kafin a harare shi. Kowa yana riƙe hannun dama. Mai son wuce wani yakan kaɗa ƙararrawa ko ya ɗaga murya ya ce ga shi nan ta hagu, wanda ke gaba kuwa ba ya firgita ya karkace, sai ya ci gaba a kan layinsa. An ƙayyade gudu kada ya wuce mil goma a awa, ko da yake, gaskiya, samari masu matsattsun tufafi ba kullum suke tuna wannan haddi ba.

To, yanzu ga tambayar da ta sa muka ɗauki alƙalami: yaya aka yi bakin rafi da bakin tafki, waɗanda su ne filaye mafi tsada a kowane gari, suka zama na kowa da kowa? A shekarar 1880 mutanen Miniyafolis ba su cika 47,000 ba, amma zuwa 1890 sun haura 160,000, saboda masana'antun niƙa alkama da na tsaga katako da suka kafu a bakin kogi. Ana tsakiyar wannan bunƙasa, a 1883, aka kafa hukumar lambunan birni, aka ba ta ikon sayen ƙasa da karɓar haraji, aka naɗa wani attajirin fulawa, Charles Loring, shugabanta na farko. Hukumar ta gayyato Horace Cleveland, masanin tsara lambuna, wanda ya ba su shawarar da ba ta da wuyar fahimta amma tana da wuyar bi: su sayi gaɓar kogi da gaɓar tafkuna tun suna dausayi da gonaki, tun ba wanda ya damu da su, su haɗa su da hanyoyi masu itatuwa ta yadda mutum zai fita daga wannan lambu ya shiga wancan ba tare da yankewa ba, kuma su yi lissafinsu da jama'ar da za ta zauna garin bayan su duka sun kwanta dama. Da ma malamanmu sun san irin wannan a babin waƙafi, inda mutum yake tsare asalin dukiya, ba a sayarwa ba a gada, a bar amfaninta yana gudana ga bayin Allah. Bambancin kawai shi ne a nan hukuma ce ta yi da kuɗin haraji, tare da filayen da wasu masu hali suka bayar kyauta.

Wanda ya mai da shawarar aiki shi ne Theodore Wirth, haifaffen Suwizalan, da ya riƙe ragamar lambunan daga 1906 zuwa 1935. A zamaninsa aka yashe tafkuna masu taɓo, aka cike fadamun da ke gefensu da ƙasar da aka kwaso, aka haƙa mashigi tsakanin wasu tafkunan har kwalekwale yana ratsawa daga ɗaya zuwa ɗaya, kuma shi ne ya ƙi yarda da allunan da ke hana mutane taka ciyawa. Zoben hanyoyin da ya samu daga wannan aiki, wanda suke kira Grand Rounds, ya kai kimanin mil 50, tafiyarmu kuwa guntu ce daga cikinsa. Mai son ya ga abin da zai faru da ba a yi haka ba, sai ya je Tafkin Minnetonka ɗin can, inda gidajen masu kuɗi suka cinye mafi yawan gaɓa, baƙo yana hangen ruwa ta tsakanin gini da gini. Mutumin Kano da ya san kududdufan da aka cike aka yanka fuloti a kansu, da yadda ruwan sama yake rasa mafaka ya shiga ɗakuna, ba ya buƙatar a tsawaita masa sharhi a nan.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Ruwan na kowa ne, amma gidajen da ke kewaye da shi ba su kasance na kowa ba, domin shekaru da dama ana rubuta sharaɗi cikin takardun filaye da yawa cewa ba za a sayar wa baƙar fata ba, kuma sai a 1953 jihar ta haramta rubuta sabon sharaɗi irin wannan. Har yau unguwannin tafkuna na masu hali ne. Tafkin da ke arewa da Harriet kuma ya daɗe yana ɗauke da sunan Calhoun, ɗan siyasar da ya shahara da kare bauta, sai a 2018 aka mayar masa da sunansa na Dakota, Bde Maka Ska, ko da yake jayayya a kan haka ta ci gaba har ta kai kotun ƙolin jiha.

Kafin awa guda ta cika, ko da mutum yana tafe yana tsayawa, hanya za ta rabu da rafi ta karkata arewa, itatuwa su buɗe, sai ga Tafkin Harriet shimfiɗe, da ƙananan jiragen ruwa masu farin tanti a kansa. Kewayensa kusan mil uku ne, kekuna kuwa duk fuska ɗaya suke bi don kada a yi karo. A gefen arewa akwai lambun furen wardi da rumfar makaɗa inda ake wasa kyauta da bazararsu, kuma a kan ciyawar nan za ka ga iyalan Somaliyawa, waɗanda suke da yawa ƙwarai a garin, sun shimfiɗa darduma da kulolin shayi. Tun 2023 ma birnin ya halatta kiran salla da lasifika a dukkan lokuta biyar.

Ɗan'uwa, idan karatu ko aiki ya kai ka can, ka nemi keken aro ko na haya, ka duba birki da iskar taya, ka riƙe gorar ruwa, kuma ka yi tafiyar tsakanin Yuni da Satumba. Daga Disamba tafkin yakan daskare har mutane su yi tafiya a kansa, magangarar ma ta tsaya cik ta zama bangon ƙanƙara, sanyin kuwa ba irin hunturun da ka sani ba ne.